Tafiyar Farko: A Rage Garuruwa, A Ƙara Kwanaki

Shawarar da ake ba mai fita ƙasar waje karon farko kusan ɗaya ce: tunda Allah ya hore, a haɗa ƙasa uku, a sauka a ƙasaitaccen otal, a ciko akwati da tsaraba. Dubai kwana uku, Istanbul uku, Alƙahira biyu. Wannan shawara ɓarnar dukiya ce, ya kamata a daina bayar da ita.

Duk sauyin gari yini guda yake ci. A ɗaure kaya, a isa filin jirgi awa uku kafin tashi, a bi layin jami'an shige da fice, a nemi masauki a gajiye. Ga kuɗin tikiti, ga na biza. Mai gari uku cikin kwana takwas ya ba hanya kwana biyu kyauta. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku.

A ɗauki Istanbul kaɗai. Aya Sofiya, da aka kammala a 537, coci ce kafin Sultan Muhammad al-Fatih ya mayar da ita masallaci a 1453. Ta zama gidan tarihi, ta sake komawa masallaci a 2020. Fadar Topkapi, inda ake ajiye da kayayyakin da ake jingina wa Annabi (SAW), sai an ba ta yini. Akwai Masallacin Sulaimaniyya da magini Sinan ya gama a 1557. Akwai jirgin ruwan haya da ke tsallaka mashigin Bosforus daga Turai zuwa Asiya a kan kuɗi kaɗan. Wa zai gama waɗannan cikin kwana uku, har ya fahimci abin da ya gani?

Za a ce: wa ya san ko dama za ta sake zuwa? Ai shi ya sa bai kamata a ƙarar da ita a zauren jiran jirgi ba.

Abubuwan da suka cancanci a kashe wa kuɗi uku ne: ƙarin kwanaki, ɗaki mai tsabta a tsakiyar tsohon gari inda ƙafa za ta kai mutum ko'ina, da ɗan jagora mai lasisi wanda ya san tarihin wurin. Otal mai tauraro biyar a bayan gari barci kawai ake yi a cikinsa, sauran kuɗin tasi ce ke cinyewa.

Tsaraba zumunci ce, ba na cewa a bar ta. Amma wanda ya kwashe yini biyu yana ciniki don cika jakar kilo 23 da kayan da ake samun irinsu a Kantin Kwari ya cuci tafiyarsa. A ware wa tsaraba adadi tun daga gida, kada a wuce shi.

Mai tafiyar farko ya zaɓi gari ɗaya, ya ba shi mako guda cur, ya soke sauran tikitocin.