Kuɗin Da Ka Kashe Wa Kwastoma Bashi Ne, Ka Rubuta Shi

Yau maganata da kai ce, mai haɗa sola, mai gyaran injin ban-ruwa, mai gyaran waya, duk wanda yake fara sa kuɗinsa a aiki kafin a biya shi.

A ce wani manomin rani a yankin madatsar Bakolori ya kira ka, injinsa ya tsaya. Ka taso daga Maradun zuwa Talata Mafara neman kayan gyara. Kayan naira 45,000, kuɗin mota 4,000, cajin POS 300, ɗan dako 500. Da ka gama aiki sai ka ce a ba ka kuɗin kaya da na hannu. Waccan 4,800 fa? Ta bi ruwa. Aiki goma irin wannan, ka yi asarar 48,000, kana ta mamakin inda jari yake zurarewa.

A ganina abu biyu ke jawo wannan: mantuwa da kunya. Kuma wayar hannunka tana maganin duka biyun.

Manhajar Zoho Invoice kyauta ce, tana nan a Play Store. Da zarar ka kashe kuɗi, tun kana tsaye a gaban shago, shiga sashen Expenses, rubuta adadin, ɗauki hoton rasit ka haɗa, zaɓi sunan kwastoman, sannan ka taɓa akwatin da aka rubuta Billable. Ma'anarsa, wannan kuɗi za a dawo maka da shi. Ranar da ka zo haɗa masa takardar neman biya, manhajar za ta nuna maka kashe-kashen da ba ka sa ba tukuna. Ka shigar da su, ka tura masa ta WhatsApp. QuickBooks ma yana da wannan tsarin, sai dai shi biya ake yi duk wata.

Na san abin da za ka ce: "Ai mutumin nan kawuna ne, in na tura masa takarda sai ya ce na raina shi." To, wanne ya fi ɓata zumunci, takardar da ya ga komai layi-layi da hoton rasit, ko jimillar baki da zai koma gida yana zargin ka ci da shi? Rubutu yana kare ka, yana kare shi.

Amma da sharaɗi. Ka faɗa masa tun farko cewa kuɗin mota a kansa yake. In za ka ɗora riba a kan kaya, faɗa masa, kar ka ɓoye ta a cikin kuɗin mota. Kuma in ya biya, kar ka lissafa waccan 4,800 a matsayin riba, kuɗinka ne suka dawo gida.

Sai batun sabis. Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, da aka rufe layukan waya a Zamfara. Don haka kar ka jefar da littafinka. Ba sabis? Ɗauki hoton rasit, rubuta a littafi, in ya dawo ka shigar.

Gwada a aiki uku masu zuwa, ka haɗa jimillar, sannan ka zo nan ƙasa ka gaya mana nawa ka saba bari a hanya.