Ɗaukewar Wuta da Zuciyar Linux: Ina Namu Hannun?

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya tashi a Kazaure ko Ɓaɓura, Roni ko Gwiwa, ba a yi masa bayanin ɗaukewar wuta. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne halin da kwamfuta take shiga a daidai lokacin da wutar ta tafi.

A watan Disamba na 2008 aka amince da ext4 a matsayin ingantaccen tsarin ajiyar fayil a zuciyar manhajar Linux. Domin ya yi sauri, sai aka sa shi yana riƙe rubutu a ƙwaƙwalwar wucin gadi, wani lokaci har kusan minti guda, kafin ya zuba shi a faifai. Wansa ext3 kuwa duk daƙiƙa 5 yake adanawa. A farkon 2009 masu gwada Ubuntu 9.04 suka fara kuka: inji ya mutu, a kunna, sai a tarar da sunan fayil yana nan, cikinsa wayam. Sabon rubutu bai isa faifai ba, tsohon kuma an riga an sauke shi.

Theodore Ts'o, mai kula da ext4, ya ce masu rubuta manhajoji ne suka yi sakaci da umarnin fsync, wanda yake tilasta adanawa. Bisa ƙa'ida yana da gaskiya, amma ƙa'ida ba ta mayar wa ɗalibi da kundinsa. Shi da kansa ya rubuta gyaran, aka shigar da shi a Linux 2.6.30.

To, wa ya fi mu cancantar gano irin wannan aibi? Wanda wutarsa ba ta ƙiftawa sai ya shirya gwaji na musamman. Mu kuwa kullum gwajin yana zuwa mana har gida. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga cibiyar koyon kwamfuta da aka kafa zamanin Gwamna Saminu Turaki. Rubutun Linux a buɗe yake, ba a biyan ko kwabo.

Muna kira ga ƙungiyarmu ta ware tsofaffin kwamfutoci biyu ko uku domin wannan gwaji, ta kuma roƙi malamanmu su koyar da harshen C da yadda ake rubuta rahoton aibi tun kafin zangon ƙarshe.