Raddi Ga Masu Cewa “Boko” Daga “Book” Ta Fito

Tun harin da Boko Haram ta kai ranar 6 ga Fabrairun 2015 a kan Bosso da Diffa, kalmar “boko” ba ta bar bakin jama'ar gaɓar Komadugu ba. Wasu malamai kuwa sun kafe cewa “book” ce ta Ingilishi harshen Bahaushe ya lanƙwasa. Allah ya gafarta malam, da sake.

Hujjarku ta farko kamar sauti ce. To, Hausa tana da ƙa'idar aro. “Cook” ta shigo ta zama “kuku”, ba “koko” ba. Da an ari “book”, da “buku” za mu ji. Daga ina wasulan “o” har biyu suka ɓullo?

Kun ce Turawa ne suka zo da abin, don haka da sunansa ya zo. Wane abin? Tun kafin Hanns Vischer, Baturen da ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawar Kano a 1909, Bahaushe yana da “littafi”, aro daga Larabci, malaman Barno kuma sun yi ƙarnoni suna rubuta Alƙur'ani da hannu. A nan Nijar ma, da Bafaranshe ya kawo makarantarsa, “lakwal” muka ara daga bakinsa.

Babbar matsalarku ita ce kalmar ta riga makarantar. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo “boko” da ma'anar algus da yaudara, nuna abu fiye da yadda yake. Ga “biri-boko”. Ga “amaryar boko”, wadda ake lulluɓewa a kai a madadin amaryar gaskiya. Wane littafi take ɗauke da shi? Masanin harshe Paul Newman ya tattara waɗannan shaidu a 2013, ya nuna kalmar 'yar gida ce. Kakanninmu sun dubi rubutun Nasara kusa da ajami, suka raina shi, suka laƙaba masa sunan jabu.

Kun ce amincewa da haka ba wa masu ƙona makarantu makami ne. Wannan tsoron na fahimce shi, kuma yana ci mini rai, domin 'ya'yan manoman tattasai da masuntan wannan kwari ne aka rufe wa azuzuwa. Amma asalin kalma labarin ranar da aka raɗa ta ne kawai. Rainin da aka yi wa baƙon rubutu a zamanin Gwamna Lugard bai yanke hukunci a kan ɗalibar da ke karatu yau a Jami'ar Diffa ba, kuma ba za mu kare ta da tarihin da ƙamus ɗaya ya isa ya rushe ba.