Hanyar da kowa ke bi, wa zai gyara ta?



Ranar Asabar da ta wuce na bi matasanmu hawan dutsen da ke bayan gari, kamar yadda suka saba duk ƙarshen mako don motsa jiki. Tun daga gindin dutsen har samansa, ledojin fiya wata ne da robobin lemo a warwatse. Ruwan damina ya zaizaye tsakiyar hanyar har ta fara zama kwazazzabo. A wani wuri itace ya faɗi ya tare hanya, kowa sai ya kewaye shi ya tattake ciyawar gefe, ana buɗe sabuwar hanyar da ita ma ruwa zai cinye baɗi. Mun fi mu ashirin, kuma duk wanda ya buɗe baki gwamnati yake zagi. Babu wanda ya sunkuya ya ɗauki leda ko ɗaya, har da ni.

Shi ya sa nake so mu dubi yadda wasu suke yi. A gabashin Amurka akwai hanyar ƙafa da ake kira Appalachian Trail, wadda ta bi kan tsaunuka daga jihar Jojiya har jihar Maine. Tsawonta ya haura kilomita 3,500, wato kamar tafiyar Legas zuwa Kano sau uku da ɗoriya, kuma ta ratsa jihohi 14. Wani mutum mai suna Benton MacKaye ne ya kawo shawarar yin ta a 1921, aka haɗe ta daga farko zuwa ƙarshe a 1937, kuma yawancin aikin 'yan sa-kai ne suka yi shi. Sai a 1968 aka yi dokar da ta sa hanyar ƙarƙashin kariyar gwamnatin tarayya.

Har gobe kuwa, gyaran yau da kullum yana hannun ƙungiyoyin sa-kai kusan 30, ƙarƙashin jagorancin Appalachian Trail Conservancy da aka kafa a 1925. Kowace ƙungiya tana da yankinta, ita kuma sai ta yanka wa mambobinta 'yan kilomitoci, kowa ya san nasa. Su ke sabunta farin fentin da ake shafawa a jikin itatuwa don kada matafiyi ya ɓace, su share magudanan ruwa, su sare itacen da ya faɗi, su gyara rumfunan kwana. Da guguwar Helene ta yi ɓarna a kudancin hanyar a watan Satumba na 2024, 'yan sa-kai na cikin waɗanda suka yi watanni suna kwashe itatuwan da suka toshe ta.

Darasin da na ɗauka a nan shi ne rabon aiki. Abin da aka ce na kowa ne, shi ne kowa ke wucewa ya bari. Amma idan aka ce daga gindin tsamiyar nan zuwa waccan kwana naka ne, kunya kaɗai ta isa ta fito da kai da shebur.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da aikin gayya iyayenmu suka nome gonaki, suka ɗora jinka, suka share maƙabarta. Malamai sun sha tunatar da mu ladan kawar da abin cutarwa daga kan hanya.

Na san wani zai ce neman abinci ya kawo shi, ina ya ga lokacin shara a daji. Gaskiya ne, amma wanda ya samu awa uku na hawan dutse ba zai rasa rabin awa na tsintar leda ba. Wani kuma zai ce nan ba garinmu ba ne. To, a nan aka haifi 'ya'yanmu, a nan suke karatu, a nan muke kasuwanci. Idan masu gari suka ga Bahaushe da manjagara yana gyara wurin da kowa ke amfana da shi, an rage masu cewa cin gari kawai muka zo yi.

Sai dai a yi shi da ladabi. Duwatsu da yawa a nan Kudu suna da tarihi da alfarma a wurin masu su. Dutsen Olumo na Abeokuta, alal misali, a nan Egbawa suka fake lokacin yaƙe-yaƙen ƙarni na 19, kuma sunan garin ma yana nufin ƙarƙashin dutse. Don haka kafin a ɗaga adda, a je wurin mai unguwa ko hukumar da ke kula da wurin a nemi izini, a kuma gayyaci matasansu a yi tare.

Shawarata ga shugabanninmu ita ce a ware Asabar ɗaya a kowane wata. A raba hanyar gida-gida, kowane rukuni da sunansa a rubuce. A zo da buhuna, shebur, fartanya da adda. Inda ruwa ke bin tsakiyar hanya, a yanka masa ƙaramar magudana a karkace, a tokare ta da duwatsu, ya riƙa zuba gefe tun bai yi ƙarfi ba. Kada a sare ɗanyen itace, kada a cinna wa shara wuta a daji, a sauko da ita ƙasa. Wanda jikinsa ba zai iya ba, ya sayi buhu ko ruwan sha.

Ni dai Asabar mai zuwa zan tafi da buhuna biyu, in sha Allahu. Wanda ya shirya, mu haɗu a gindin dutsen bayan sallar asuba.

Allah ya sa mu dace.