Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Ke Yoyo: Kukan Masu Wankin Ƙoda a Kan Magani

Akwai wata amsa da ta yi ƙaurin suna a ɗakunan wankin ƙoda, wadda duk wanda ya taɓa jinyar mai wannan ciwo ya san ta. Maras lafiya zai ce tun da aka fara ba shi sabuwar ƙwaya yake fama da jiri, ko barci ya hana shi sakat, ko hannuwansa suna karkarwa, sai a dube shi a ce, "Ai ciwon ne, sai haƙuri." Haƙuri kam maganin zaman duniya ne, ba mu musa ba. Amma in aka ba da wannan amsa tun kafin a duba jerin magungunan da mutumin yake sha, to an rufe ƙofar bincike ke nan da sunan lallashi. Ra'ayinmu shi ne, duk lokacin da mai wankin ƙoda ya kawo sabon kuka, wajibi ne likita ya fara tuhumar maganin da ya rubuta kafin ya ɗora wa ciwo laifi.

Wani zai ce ina ruwan mujallar ɗalibai da wannan batu? Ruwanmu kuwa har tsaki. Tun daga shekarar 1981 da aka buɗe ɗakin wankin ƙoda na farko a Nijeriya, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, ɗakunan suka yi ta ƙaruwa har suka iso Kano da Zariya da Maiduguri da Sakkwato, amma masu bukata sun fi na'urorin yawa. Mutanen Gashuwa da Nguru da Haɗeja ba sai an ba su labarin wannan ciwo ba. Kuma a gidajenmu, in ciwo ya kama uba ko uwa, ɗan boko ake kira. Ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci shi ke karanta takardar magani, shi ke bin layin biyan kuɗi, shi ke tsayawa gaban likita ya yi tafinta. Bugu da ƙari, a cikinmu ne likitocin gobe da masana haɗa magunguna da ma'aikatan jinya suke.

Bari mu fara da aikin ƙoda, domin daga nan maganar ta taso. Ƙodar mai lafiya tana tace abin da ya kai lita 180 na ruwan jini a kowace rana, dare da rana ba hutu, watau awa 168 a mako. Magunguna da yawa ta wannan hanya suke fita daga jiki bayan sun gama aikinsu. Na'urar wanki kuwa, in an yi yadda ya kamata, awa huɗu take aiki sau uku a mako, awa 12 ke nan. A ƙasarmu ma mutane da yawa ba su iya biyan sau ukun. Wani sau ɗaya yake samu, wani sai jiki ya kumbura a yi karo-karo. To, duk maganin da ƙoda ce ƙofar fitarsa, in aka ba mai wanki shi bisa ma'aunin mai lafiya, taruwa zai yi ta yi a cikin jini kamar ruwan sama a gidan da aka toshe wa kwata.

Ga misali guda. Gabafentin magani ne da ake yawan rubuta wa masu wanki saboda zugin ƙafa da ƙaiƙayi. A jikin mai lafiya, cikin awa 5 zuwa 7 rabin abin da ya sha ya fita. A jikin wanda ƙodarsa ta daina aiki, in ba ranar wanki ba ce, sai an yi kimanin awa 132, watau fiye da kwana biyar, kafin rabin ya fita. Saboda haka ƙwayar da maƙwabcinka ke sha sau uku a rana lafiya lau, ita ce za ta sa mai wanki magagi da fizgar gaɓoɓi da faɗuwa, har ta kai shi ga suma. Alamarta kuwa sananniya ce ga mai lura: mutum ya ɗan warware bayan an ɗora shi kan na'ura, ya sake rikicewa bayan kwana ɗaya ko biyu yana shan maganin. Iyalinsa ne ke ganin wannan hawa da sauka. Likitan da ya gan shi na minti biyar ba zai gani ba sai an gaya masa, kuma sai ya saurara.

Ba gabafentin kaɗai ba ne. Mofin da fetidin, da ake bayarwa don zafin ciwo, suna barin saura a jini wanda ƙoda ce ke fitar da shi. Na farko ya danne numfashi, na biyu ya jawo farfaɗiya. Allurar jentamaisin in ta taru tana lalata kunne, mutum ya kurumce ko ya riƙa tangaɗi, kuma sau da yawa ba a komawa daidai. Mai ciwon sukari ya saba da ma'aunin insulin ɗinsa shekara da shekaru, alhali ƙoda na cikin masu kawar da insulin. Da ta gaza, sai tsohon ma'aunin ya yi masa yawa, sukari ya faɗi, ya riƙa gumi da rawar jiki da rikicewa. Waɗansu ƙwayoyin hawan jini in an sha su dab da hawa na'ura sukan sa jini ya faɗi ana tsakiyar wanki. Waɗansu magungunan kuma na'urar ce ke wanke su tas, shi ya sa ake bayar da su bayan an sauko. Duk waɗannan suna cikin littattafan da ake karantarwa a makarantun likitanci.

To, in an sani, me ya sa ake kuskurewa? Dalili na farko shi ne kama. Tashin zuciya, kasala, ƙaiƙayi, rashin barci, rikicewar tunani, duk ciwon ƙoda na kawo su, duk kuma magani na kawo su. Na biyu shi ne yawa. Wani bincike da aka buga a Amurka a shekarar 2009 ya gano cewa matsakaicin mai wanki yana haɗiyar ƙwaya 19 a rana, kashi ɗaya cikin huɗu kuma sun haura 25. Likitan ƙoda ya rubuta nasa, na sukari ya rubuta nasa, na zuciya ya ƙara, ba wanda ya zauna ya dubi tarin gaba ɗaya. Daga nan sai a shiga wani zagaye mai ban tausayi: ƙwaya ta jawo amai, a rubuta maganin amai, maganin amai ya jawo sanƙarewar wuya da rawar jiki, a rubuta na uku. Garin neman gira a rasa ido. Wani binciken na 2007, shi ma a Amurka, ya tambayi masu wanki abin da ke damunsu, sannan ya tambayi masu duba su. A yawancin alamomi 30 da aka lissafa, masu dubawar ba su san da ko rabin masu fama da su ba. In haka ta faru a inda likitoci suke da yalwa, ina ga wurinmu?

Tarihin wankin ƙoda kansa ya isa ya koya wa likita tawali'u. A shekarar 1972 wani likita a birnin Denba na Amurka, Allen Alfrey, ya ba da bayanin wata baƙuwar cuta a tsakanin masu wanki: mutum ya fara i'ina, sai fizgar jiki, sai gushewar hankali, sai mutuwa. A 1976 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa sinadarin alminiyum ne ya taru a ƙwaƙwalwar mamatan. Daga ina ya fito? Daga ruwan da ake wankin da shi, da kuma maganin da likitoci da kansu suke bayarwa don rage sinadarin fosfet a jini. Haka kuma a farkon 2008, rahoton da ya fito daga wani ɗakin wankin yara a jihar Mizuri, cewa yara na kumburin fuska da faɗuwar jini mintoci kaɗan bayan fara wanki, shi ya kai ga gano gurɓataccen hefarin, maganin hana daskarewar jini, aka janye shi daga kasuwa. A duka biyun, jikin majinyata ne ya fara magana. Sa'ar da aka yi ita ce an sami wanda ya ɗauki maganar da muhimmanci.

Adalci ya wajabta mu faɗi uzurin likita. Ƙwararrun likitocin ƙoda a ƙasar nan kaɗan ne, waɗansu ma sun tafi ƙasashen waje neman abin da ya fi. Wanda ya rage yana iya duba mutane da dama a wuni guda, hankalinsa na kan abin da zai kashe mutum yau, kamar ruwa a huhu ko hauhawar sinadarin fotasiyum. Kuma gaskiya ne ba kowane kuka ne laifin magani ba. Wani lokaci ƙarancin wanki ne, wani lokaci tsoro ne, wani maganin kuma amfaninsa ya rinjayi wahalarsa, dole a daure. Duk mun yarda. Sai dai ba mu ce likita ya gaskata kowane zargi ba, cewa muka yi ya bincika. Tambaya uku ba ta cin minti biyu: yaushe abin ya fara, wane magani aka ƙara ko aka canza kafin nan, kuma yana sauƙi bayan wanki ko ƙaruwa yake yi?

Shi ma majinyaci yana da abin da ke ɗaure masa baki. An tashe mu a kan cewa musu da babba rashin kunya ne, balle babban da ke sanye da farar riga. Mai wanki kuma ya san gobe ma nan zai dawo, jibi ma haka, kuma na'urori ba su da yawa. Yana tsoron a sa masa suna mai ƙorafi. Saboda haka sai ya yi shiru a gaban likita, ya koma gida ya jefa ƙwayar ƙarƙashin katifa, ko ya nufi kemis ko mai maganin gargajiya. Nan ne asarar take ninkuwa. Likita yana zaton ana shan magani, ya ga jini bai sauka ba, ya ƙara ma'auni. A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar rage kuɗin wanki ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a waɗansu asibitocinta, abin a yaba ne. Amma ina amfanin a sayar da gona a biya kuɗin na'ura, sannan ƙwayar ɗari biyar ta kwantar da mutum mako guda a gadon asibiti?

Ga abin da muke roƙo. Kowane ɗakin wanki ya sa ranar da masanin haɗa magunguna zai zauna da kowane majinyaci, a zazzage jakar magani a kan tebur, a dubi kowace ƙwaya a tambaya ko har yanzu ana bukatarta, ko ma'auninta ya dace da mai wanki, ko kafin wanki za a sha ta ko bayansa. A maimaita wannan duk sa'ad da aka sallamo mutum daga kwanciya, domin a nan ne sababbin magunguna ke shigowa. Duk kukan da majinyaci ya kawo a rubuta shi a fayil ɗinsa da kalmominsa. A kuma ba ma'aikatan jinya, waɗanda su ke zaune da shi awa huɗu cur, damar su tayar da magana ba tare da fargaba ba.

Sai kuma batun kai rahoto. Bayan bala'in maganin talidomaid, wanda ya sa aka haifi dubban jarirai da nakasar hannu da ƙafa kafin a janye shi a 1961, Ingila ta ƙirƙiro katin kai rahoton illar magani a 1964. Nijeriya ta shiga shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na sa ido kan magunguna a 2004, hukumar NAFDAC na da takarda mai ruwan ɗorawa don wannan aiki, a 2020 kuma ta ƙaddamar da manhajar waya mai suna Med Safety. Majinyaci da danginsa ma suna da ikon kai rahoto. Wani nazari na 2006 da ya tattara bincike 37 daga ƙasashe 12 ya nuna cewa kimanin kashi 94 cikin 100 na illolin magani ba a kai rahotonsu. Illar da ba a rubuta ba kuwa, gobe wani za ta kama kamar ba a taɓa ganinta ba.

Mu kuma 'yan rakiya, ga namu aikin. Mu sayi ɗan littafi mu riƙa rubuta sunan kowane magani, da ranar da aka fara shi, da ranar da alamar ta bayyana, da ranakun wanki. Likita zai iya kawar da kai daga "Baba ba ya jin daɗi," amma da wuya ya kawar da kai daga "An fara wannan ƙwaya ranar Litinin, ranar Alhamis ya kasa riƙe cokali." Mu yi tambaya da ladabi kuma kai tsaye: "Ranka ya daɗe, an rage wannan ma'auni saboda ƙodarsa?" In ba a sami amsa ba, a nemi babban likitan sashen ko ɗakin magani, neman ra'ayi na biyu ba cin fuska ba ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka mu faɗi duk abin da ake sha, har da jiƙo da sassaƙe, da daikulofenak ɗin kemis mai jawo zubar jini a ciki da ƙarasa ɗan ƙarfin da ya rage wa ƙoda, da farin ruwan maganin gyambon ciki mai ɗauke da maganiziyam. Kada kuma kowa ya yanke magani da kansa, domin akwai waɗanda tsayar da su farat ɗaya ya fi shan su hatsari. In kuwa aka ga mutum ya rikice, ko ya ƙi farkawa, ko numfashi ya yi masa wuya, ko jini ya ƙi tsayawa, ba a jiran ranar wanki, asibiti za a nufa nan take.

Daga ƙarshe, muna kira ga 'yan'uwanmu da ke karatun likitanci. Nan da 'yan shekaru alƙalamin zai dawo hannunku. Za a koya muku karanta sakamakon gwajin jini, kuma lalle ku iya shi ƙwarai. Amma akwai gwajin da ba a biyan ko kwabo a kansa, shi ne bakin mutumin da ke kwance a gabanku, wanda ya kwana da maganin a jikinsa ya tashi da shi. In ya ce muku ƙwayar nan ba ta karɓe shi ba, ku ja kujera ku zauna, ku ce masa ya kawo jakar a gani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba masu duba su kunnen saurare.