Bashi Hanji Ne, Amma Da Ma'auni

Jama'armu mazauna Sabon Ibadan, Agege da sauran zangunan kudu sun san cewa cinikin shanu da goro bisa lamuni yake tafiya. Mahauci ya karɓi sa, maigida ya tsaya masa, a biya bayan an sayar da nama. Wannan ba laifi ba ne. Abin tsoro shi ne wanda zai ci bashin da sunan jari, sa'an nan a tarar da kuɗin a bakin mota ko wajen biki.

A kan wannan batu mabiya addinin Hindu na ƙasar Indiya suna da koyarwa wadda ta cancanci a saurara. Malamansu ba su ƙyamaci dukiya ba. Hasali ma neman arziki, watau abin da suke kira "artha", yana cikin manufofi 4 na rayuwar mutum a wurinsu, sai dai an ɗora masa "dharma" a bisa, watau sauke hakki da tsare gaskiya. Littafinsu Bhagavad Gita, a babi na 6, ya yi horo da tsakaitawa wajen ci da barci da aiki da shaƙatawa, har ya nuna mai cika ciki da mai azabtar da kansa da yunwa duk sun kauce hanya.

Lalle abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda suke kallon bashi kansa. A tsoffin littattafansu kowane mutum da bashi ake haifarsa: na ababen bautarsa, na malamai, da na kakanni. Wanda ya taso da wannan tunani zai daɗe yana nazari kafin ya ƙara wa kansa wani kaya. Shi ya sa fataken Gujarat, in bikin Diwali ya zo kowace shekara, sukan rufe tsohon littafin lissafi su buɗe sabo, kowa ya ƙoƙarta ya biya abin da ake bin sa.

Ba a ce duk Ba'indiye ya riƙe wannan ba. Vijay Mallya, mai kamfanin jiragen sama na Kingfisher, ya yi ta cin bashin bankuna yana fantamawa. Jiragen suka daina tashi a 2012, ma'aikata suka yi watanni ba albashi, amma a 2015 ya yi ƙasaitaccen bikin cika shekara 60 a Goa. A watan Maris na 2016 ya tsallake zuwa Ingila, alhali bankuna na bin sa kimanin rupi biliyan 90.

To, 'yan'uwa, namu bai kai biliyan ba, amma ciwon iri ɗaya ne. Da can, kafin a ba ka lamuni sai maigida ya san ka, ya san garinku. Yau kuwa ta wayar hannu ake ba da rance cikin minti kaɗan, da ruwa mai nauyi, in ka makara kuma wasunsu su aika wa duk wanda lambarsa ke cikin wayarka cewa kai maciyin bashi ne. Baƙon da aka yi wa haka a zango, wane maigida zai sāke tsaya masa?