Doka Ta Tsaya a Zaure, Magani Ya Shige Cikin Gida

Da wuya mai karatu ya shiga wani gida a ƙasar nan ya rasa tsohon gwangwanin madara, ko wata leda a ƙarƙashin katifa, inda ake tara ragowar magunguna. A ciki za a tarar da rabin katin farasitamol, da kafso uku da suka saura tun ciwon bara, da kwalbar maganin tari wadda rubutunta ya goge, da wasu ƙwayoyi a ƙulle cikin takarda waɗanda babu mai tuna sunansu. Wannan gwangwani shi ne kantin maganin da ya fi kowanne yawan rassa a Nijeriya, shi ne kuma wanda babu jami'in da ya taɓa leƙa shi. Ra'ayina shi ne, muddin dokar magunguna ba ta bi magani har cikin ɗaki ba, to rabin aikinta kawai ta yi, domin a cikin ɗaki ake shan magani, a nan kuma yake warkarwa ko ya yi illa.

Ya kamata mu fara da tuna dalilin da ya sa aka yi dokar tun farko. A shekarar 1990 yara fiye da 100 suka rasu a Nijeriya, yawancinsu a Jos da Ibadan, bayan an ba su farasitamol na ruwa. Bincike ya nuna cewa an haɗa maganin da wani sinadari mai suna dayitilin gilaikol, wanda ake amfani da shi a masana'antu. Sinadarin yana da zaƙi da kauri kamar ruwan da ya dace a narka magani a ciki, ga shi kuma da araha, amma idan ya shiga jiki sai ya rikiɗe ya zama guba mai kashe ƙoda, har yaro ya daina fitsari. Shekara 3 bayan haka, wato a 1993, aka kafa hukumar NAFDAC domin kula da ingancin abinci da magunguna. Duk da haka, a ƙarshen 2008 da farkon 2009 sinadarin nan ya sake kashe yara 84 ta hanyar maganin haƙori na jarirai mai suna My Pikin, a 2022 kuma yara kusan 70 suka rasu a ƙasar Gambiya ta hanyar magungunan tari da aka shigo da su daga waje. Iyayen waɗannan yara da hannunsu suka ba su maganin, a cikin gidajensu, da kyakkyawar niyya.

Irin wannan masifa laifin masana'anta ne, kuma doka tana da hanyar maganinta. NAFDAC tana gwada magani, ta ba shi lambar rajista, ta janye shi daga kasuwa idan ya gaza. Majalisar da ke kula da masu haɗa magunguna, wato PCN, wadda aka sabunta dokarta a 2022, ita ke ba kantuna lasisi. A bisa ƙa'ida, ƙaramin kemis na unguwa yana da izinin sayar da wasu sanannun magunguna ne kaɗai, cikin kwalinsu na asali, ba shi kuma da izinin yin allura. Wannan duka daidai ne. To amma da zarar mai saye ya karɓi canjinsa ya juya, sai idon hukuma ya ɗauke daga kan maganin, alhali kuwa magani mai kyau, mai lambar rajista, yana iya zama guba tsakanin kanti da bakin majinyaci.

Bari mu duba yadda hakan ke faruwa ta fuskar kimiyya. Na farko shi ne awo. Babban mutum bai kamata ya wuce giram 4 na farasitamol a yini ba, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500. Sai dai magungunan mura da na ciwon jiki da dama suna ɗauke da farasitamol a cikinsu, saboda haka wanda ya ce wa mai kemis ya haɗa masa magani yana iya shan abu guda sau uku da suna daban-daban, hanta kuma ita za ta biya bashin. Ga yara kuwa, ana auna magani da nauyin jiki ne. Cokalin da likita ke nufi yana cin mililita 5, amma cokulan gidajenmu kowanne da girmansa.

Na biyu shi ne ajiya. A jikin kwalayen magunguna da yawa an rubuta cewa a ajiye su a wurin da zafinsa bai wuce digiri 30 ba, mu kuwa a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maraɗi, balle a ɗakin da aka rufa da kwano. Zafi yana hanzarta lalacewar sinadarai, don haka ranar ƙarewar aiki da ke jikin kwali ba ta da tabbas ga maganin da ya yi bazara a kan taga. Garin maganin ƙwayoyin cuta da ake zuba wa ruwa domin yara ba ya wuce mako 1 zuwa 2 bayan an jiƙa shi, amma sau nawa ake ajiye kwalbar domin ƙanen mai ciwon?

Na uku shi ne yanke magani. Ragowar kafson da ke cikin gwangwani shaida ce cewa wani ya ji sauƙi ya daina sha ba da sanin likita ba, wani kuma zai zo ya sha su a kan ciwon da ba nasu ba. Irin wannan shan barkatai yana daga cikin abin da ke ba ƙwayoyin cuta damar sabawa da magani, har ya daina yi musu komai.

Mafi haɗari duka shi ne mai allura da ake kira gida ya yi allura ko ƙarin ruwa, ba tare da kowa ya tambayi takardarsa ba. Allurar da aka yi a inda bai dace ba a ɗuwawun yaro tana iya taɓa babbar jijiyar da ta gangara ƙafa, yaro ya tashi da ɗingishi har abada. Sirinjin da aka maimaita kuwa yana yaɗa ciwon hanta da cutar ƙanjamau.

Na san wani zai ce asibiti yana da nisa, layi yana da tsawo, kuɗi kuma babu, don haka mai kemis da mai allura su ne gatan talaka. Wannan magana gaskiya ce, shi ya sa ba na cikin masu cewa a hana jinya a gida. Tsoho mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da matar da ba ta cika fita ba, duk a gida za su ci gaba da shan maganinsu. Abin da nake kira gare shi shi ne a tsara aikin, kuma muna da misali a gabanmu. Tun bayan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2012, ma'aikata kan bi gida-gida da damina a arewacin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar suna ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. An horar da su, suna ba da kashin farko a gaban idonsu, su koya wa uwa yadda za ta ba da na sauran kwana 2, su kuma rubuta a kati. A ƙasar Ostareliya kuwa, tun 2001 likita kan tura masanin haɗa magunguna gidan majinyaci, ya duba duk abin da yake sha, ya rubuta rahoto, gwamnati ta biya.

Saboda haka ina ganin wajibi ne duk mai shiga gidajen mutane da magani ko allura ya kasance yana da rajista da katin shaida, yana kuma ƙarƙashin wata cibiyar lafiya da za a iya kai ƙararsa. Wajibi ne kada a sayar da ƙwaya tsirara cikin takarda ba tare da an rubuta sunanta da awonta ba. Ya kamata a riƙa rubuta bayanin sha da Hausa, a boko da ajami, a kuma tanadi wurin mayar da magungunan da suka lalace a kowane asibitin ƙaramar hukuma.

Kafin hukuma ta iso, akwai jami'in da ya riga ya shiga kowane gida, shi ne ɗalibin sakandare. Sau da yawa shi ake miƙa wa kwali a ce ya karanta. Malaman kimiyya suna iya ware darasi guda su sa kowane ɗalibi ya kawo kwalin magani wanda babu komai a ciki, a koya masa gano sunan sinadarin da ke ciki, da awonsa, da ranar ƙarewarsa, da lambar NAFDAC. A ɗakin gwaje-gwaje kuma a auna cokula 10 daga gidaje 10, ɗalibai su ga bambancin da idonsu.

Kai kuma ɗalibi, idan ka koma gida yau, nemi izinin iyayenka ka buɗe gwangwanin nan. Ka ware abin da ya wuce lokacinsa da wanda ba a san sunansa ba, ka kai wa ma'aikacin lafiya ya duba, sauran kuma a ɗaga su sama, a inuwa, inda hannun ƙannenka ba zai kai ba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.